Zoben da ake sa wa ƙananan tsuntsaye a ƙafa: ilimi ne ko cutarwa?

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wani bidiyo da aka turo mini, wasu matasa sun kafa doguwar raga tsakanin bishiyoyi, ƙananan tsuntsaye suna faɗawa ciki suna reto. Sai su ciro su, su jefa a 'yar jaka, su maƙala musu ƙarfe a ƙafa, har da hura musu iska a ƙirji. Wai bincike ake yi. Ni dai raina bai kwanta ba. Ɗan mitsitsin tsuntsu yana neman abincinsa, me ya yi za a firgita shi haka? Wanda ya san kan abin, don Allah ya warware mana.

Zainab Gombe:
Ni ma na gani Yaya. Likitar dabbobi ce ni, na san yadda zuciyar ƙaramin tsuntsu ke bugawa in an riƙe shi. Tsoro kaɗai yana iya kashe shi. Ina jiran in ji hujjarsu.

Nafi'u Jos:
Wa alaikumus salam Maman Sadiq. Wannan aikina ne, don haka bari in faɗi yadda ake yin sa, ki yanke hukunci da kanki. A dajin Amurum na koya, gefen ƙauyen Laminga, kamar kilomita 15 daga Jos. Daji ne mai faɗin hekta 300 ko kusa da haka, duwatsu da kurmi da ciyawa. A nan cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis take, wadda aka fi sani da APLORI, an kafa ta a 2001 ƙarƙashin Jami'ar Jos.

Da an sallame asuba ake buɗe raga, gari bai gama wayewa ba. Zarenta baƙi ne siriri, tsuntsu ba ya ganinta in akwai duhuwa a bayanta. In ya bugo ta sai ya zurma cikin aljihun da ragar ke yi, ya kwanta a ciki. Ba a barin raga ta wuce minti 30 ba a zagayo ta ba. Da rana ta ɗaga, ko iska ta taso, ko hadari ya haɗo, sai a naɗe, an tashi ke nan. Jakar da kika gani ta auduga ce, duhun cikinta ne ke sa shi ya natsu ya daina fizge-fizge.

Riƙon ma koyonsa ake yi. Wuyansa tsakanin manuniya da yatsan tsakiya, sauran yatsu su lulluɓe jikin ba matsi, don in ka danne wa tsuntsu ƙirji numfashinsa ɗaukewa yake yi. Zoben na alminiyum ne, na ƙananan tsuntsaye bai kai kashi ɗaya cikin goma na giram ba. Akwai filaya ta musamman mai ramuka, kowane rami da girman zobensa, ta yadda zoben zai rufe ya riƙa juyawa a ƙwauri, bai matse ba kuma bai zame ya rufe yatsu ba. A jikinsa akwai lamba wadda babu wani tsuntsu a duniya mai irinta, da adireshin waɗanda suka ba da zoben. Daga nan a auna tsawon fiffike da rula, a ɗora shi a sikeli, a duba gashin da yake sakewa don a gane shekarunsa, a rubuta, a buɗe hannu ya tashi. Tsakanin fitowarsa daga jaka da tashinsa 'yan mintoci ne.

Zainab Gombe:
Malam Nafi'u, bayani ya yi kyau, amma ka tsallake abin da nake son ji. Suna mutuwa ko ba sa mutuwa?

Nafi'u Jos:
Suna mutuwa, Likita. Duk wanda ya ce miki bai taɓa faruwa ba, bai daɗe a aikin ba. An yi wani babban bincike da aka buga a 2012, aka tattara bayanan ƙungiyoyi 22 masu wannan aiki a Amurka da Kanada, kamu sama da 600,000. An samu wajen biyu cikin dubu sun mutu, wajen shida cikin dubu sun ji rauni. Abin da ke jawo hakan sananne ne: shaho ko wata dabba ta riga ka zuwa ragar, zafi, firgici, ko zare ya naɗe fiffike. A nan wajenmu sai ki ƙara da tururuwa, in aljihun ƙasa ya taɓa ciyawa. Shi ya sa ake ɗage shi sama, kuma shi ya sa ba a buɗe ragar da ta fi ƙarfin hannun da ke wurin.

Zainab Gombe:
To ka ga ni. Biyu cikin dubu ƙanƙane ne a takarda, amma rai ne. Sannan uwar da ke kwanci fa? Kana aune-aunenka, ƙwanta yana hucewa a sheƙa.

Nafi'u Jos:
Wannan tambaya ce ta wadda ta san dabba. Mai kwanci ana gane ta tun a raga, gashin cikinta ya zube, fatar ta yi ja ta kumbura. Ita ake fara sallama, kuma kusa da inda aka kama ta ake sakin ta. Ban ce babu takura ba. Abin da nake cewa shi ne takurar ta 'yan mintoci ce, abin da ake samu kuma babu wata hanyar samunsa.

Ustaz Auwal:
Bismillah. Tunda an taɓo hakkin dabba, bari in sa baki. Abu Dawud ya ruwaito cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa guda biyu, ta zo tana shawagi a kansu cikin tashin hankali, Manzon Allah (SAW) ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya ce a mayar mata da 'ya'yanta. Wannan ya isa ya nuna damuwar Maman Sadiq tana da tushe. A ɗaya ɓangaren, Bukhari da Muslim sun kawo labarin ƙanen Anas, Abu Umair, wanda yake da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, Annabi (SAW) yana tambayarsa labarin tsuntsun, bai hana shi ba. Abin da na fahimta shi ne riƙe tsuntsu ba shi ne laifin ba, azabtarwa da wasa da rai ba dalili su ne laifi. Saura a gaya mana amfanin, mu auna. Allah ne mafi sani.

Bala Fagge:
Ni fa ba cutarwar ce ta dame ni ba. Wa ya san abin da ke cikin ƙarfen nan? Turawa ba sa kashe kuɗi a banza. Tsuntsu yana shiga ko'ina, har barikin soja. Ku dai yi hattara.

Nafi'u Jos:
Bala ɗan'uwana, zoben ƙarfe ne zalla, ba batir ba waya. In ka same shi ka buɗe shi da ƙusa, lamba ce kawai da adireshi. Wannan zargin ya taɓa cin wani tsuntsu a Masar a 2013: farar shamuwa ce da masu bincike na ƙasar Hangari suka ɗaura wa na'urar bin sawu, wani ya kama ta ya kai wa 'yan sanda a garin Kena a kan 'yar leƙen asiri ce. Aka bincika aka sake ta, ba a daɗe ba wasu suka kama ta suka cinye. Shi kansa aikin zoben ya girmi duk wata na'ura, wani malamin makaranta ɗan Denmak mai suna Mortensen ya fara shi a 1899.

Allah gafarta Malam, ga amfanin. Kowa a nan ya san shamuwa, in ta sauka an san damina ta ƙarato. Ita babba ce, ido yana ganin zuwanta da tafiyarta. To akwai ƙanana birjik da ke irin wannan tafiya ba wanda ya lura. Suna ƙyanƙyasa a Turai, sanyi na matsowa su keto teku da Sahara su zo mana ci-rani wajen Satumba da Oktoba, su koma wajen Afrilu. Ido ba zai gaya maka ko wanda ka gani bana shi ne na bara ba, sai zobe.

Akwai wani ɗan tsuntsu mai farar gira da Turawa ke kira whinchat, yana son tsayawa a kan karan dawa bayan girbi. A gonakin kewayen Jos an sa wa da yawa zobba masu launi, ta yadda za a gane kowanne da madubin hangen nesa ba sai an sake kama shi ba. Sai ga shi wanda ya tsira yana dawowa gonar da ya bari, kusurwar da ya bari, bayan ya je gabashin Turai ya dawo. Nauyinsa bai kai giram 20 ba. Ranar da na fara karanta launin zoben wanda aka sa wa bara, yana tsaye a kan kara yana kaɗa jela, tasbihi kawai na yi ta yi.

Hura iskar da Maman Sadiq ta gani kuma, kitse ake dubawa. In ka hura gashin ya buɗe, fatar tsuntsu sirirya ce, kana hango kitsen rawaya a ramin wuya da ciki. Ana ba shi maki daga 0 zuwa 8. Akwai wani ɗan tsuntsu mai cin 'ya'yan itace da ke biyowa ta Amurum, a rame yana giram 17 ko 18, kafin ya tashi zuwa arewa wani har ya kan haura 30. Wannan kitsen shi ne guzurinsa na ƙetare hamada, tafiyar da ta kusa kilomita 2,000 ba abinci ba ruwan kirki. In bai samu inda zai tara shi ba, a rairayi zai faɗi.

Baba Alhassan Gashuwa:
Ɗana Nafi'u, Allah ya yi maka albarka. Ina koyarwa a firamare lokacin farin 1973, na ga shanu suna zubewa a hanyar rafi, na ga mutane suna sassabe duk abin da ke da ganye don dabbobi. Wallahi ko sau ɗaya tunanin tsuntsu bai zo mana ba, ta kanmu muke yi. Su ma abin ya taɓa su?

Nafi'u Jos:
Amin Baba. Ya taɓa su, har ma su suka fara nunawa. Akwai wani mai farin maƙogwaro da ke yin rani a yankinku, daga Senegal har tafkin Chadi. A bazarar 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka ga wajen kashi 70 cikin 100 ba su dawo ba, a shekara ɗaya. Suka duba gida ba su ga dalili ba. Daga baya aka gane ruwan Sahel ne ya gaza a 1968, farkon farin nan da ya kai ku ga 1973. Da ba a san inda tsuntsun ke zuwa ba, da ba wanda zai haɗa wannan da wancan. Kuma Baba, abin da yake tara kitse da shi kafin ya tashi, har da 'ya'yan itacen nan da ake yin asuwaki da saiwarsa, wanda Larabawa ke kira arak. A Malamfatori, bakin tafkin Chadi, an yi aikin raga da zobe tun shekarun 1960, aka sake yi a ƙarshen shekarun 1990, duk don a fahimci wannan tara kitsen.

Ibrahim Maraɗi:
Baba ina gaisuwa. Nan ne maganar ta zo gidanmu. Mu a Maraɗi da Damagaram tun tsakiyar shekarun 1980 manoma suka koma sassaben zamani, ba a tumɓuke kututture, sai a bar tohon da ya fi ƙarfi a gyara shi ya zama itace. An ƙiyasta hekta miliyan 5 ta farfaɗo ta haka, mafi yawa gawo. Mu don taki da harawa da itacen girki muka yi. Amma ni da nake kwana a gona, na san gawo da rani cike yake da ƙananan tsuntsaye, bini-bini suna tsince-tsince a ganye. Darbejiyar ƙofar gidanmu kuwa, inuwa ce kawai.

Nafi'u Jos:
Malam Ibrahim, abin da idonka ya gani shi masu bincike 'yan Holan suka samu da suka bi Sahel itace bayan itace suna ƙirga tsuntsayen da ke kai. Baƙin nan suna taruwa a masu ƙaya: gawo, aduwa, da dangin ƙaya irin su kandili. Darbejiya da itacen turare kusan ba kowa. Gawo kuma da rani yake ganye, daidai lokacin da suke nan, ga fure ga ƙwari. Wannan ya kamata masu rabon dashen itace su sani. In duk shekara darbejiya da turare za a raba, an samu inuwa da katako, amma waɗannan bayin Allah ba su samu komai ba.

Malam Bukar Nguru:
Ku yi haƙuri in ɓata muku hira. Kuna ta tausayin tsuntsu, mu nan tsuntsu ne ke sa mu kuka. Jan-baki in ya sauko wa shinkafa ko gero, kafin azahar an gama da kai. Yara ba makaranta, suna gona tun asuba da gwangwani da igiya suna kora. Ciyawar kacala ta cinye fadama, a cikinta suke kwana, ba mai iya shiga. In kuna da raga ku zo nan ku kama, kuma kada ku saki ko ɗaya.

Maman Sadiq:
Allah sarki Malam Bukar, Allah ya kawo sauƙi. Wannan kam wani ciwon ne daban.

Nafi'u Jos:
Malam Bukar, ba zan raina kukanka ba, wanda aka cinye wa gona shi ya san zafin. Amma ragarmu ba za ta yi maka maganin jan-baki ba, garke ɗaya ya fi ƙarfin duk ragar da ke ƙasar nan. Abin da bincike ya bayar shi ne sanin halinsa. Tun shekarun 1960 aka yi nazarinsa a yankin tafkin Chadi, aka gane asalin abincinsa irin ciyawar daji ne, kuma ruwan sama yake bi: in ruwan farko ya sa irin ya tsiro, abinci ya ƙare masa, sai ya yi ƙaura zuwa inda ciyawa ta riga ta nuna. Sanin wannan ne ke sa a iya hasashen lokacin zuwansa da inda zai yi sheƙa. Feshin jirgi kuma da ake yi, maganin ba ya tantancewa, yana kashe wasu tsuntsayen har da masu cin gawar jan-bakin. Maganar kacala gaskiyarka ce, wannan matsalar ruwa ce da yadda ake sakinsa daga madatsun sama, ta wuce tsuntsu.

Malam Bukar Nguru:
Hasashe ba ya cika buhu, Malam. Amma na ji.

Bala Fagge:
To mu me muka samu? Su zo su auna, su koma su rubuta littafi da sunansu.

Hauwa'u Bauchi:
Yaya Bala, wannan zamanin ya wuce ko yana wucewa. A Amurum ana yin digiri na biyu a fannin kare halittu, ɗalibai daga Najeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma, da yawansu yanzu su ke koyarwa a jami'o'inmu. Akwai kuma aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da aka fara a 2015, ni kaina ina fita da 'yan tawagar Arewa, da waya muke rubuta abin da muka gani. Kuma ba baƙin tsuntsaye kaɗai ake kamawa ba, mafi yawan abin da ke faɗawa raga 'yan gida ne. Ka san akwai wani jan benu na cikin duwatsu da sai a 1998 masana suka tabbatar jinsi ne na daban, kuma a tsaunukan Jos aka gano shi? Yadda aka yi ma abin mamaki ne. Akwai wani baƙin tsuntsu da ba ya sheƙa, a sheƙar benu yake zuba ƙwai, ɗansa ya tashi yana kwaikwayon kukan wanda ya rene shi. Wani masanin tsuntsaye mai suna Robert Payne ya ji yana wani kuka da bai dace da na kowane benu da aka sani ba, ya bi sawu har ya kai ga mai kukan. Benun yana nan a Amurum, ana sa masa zobe, ana sanin shekara nawa yake yi da inda yake zuwa shan ruwa da rani.

Zainab Gombe:
Na karanta duka. Na yarda akwai amfani, ban da ja a kan wannan. Inda na tsaya shi ne hannun da ke riƙe da ragar. Na taɓa zuwa wani wuri, ba zan faɗi suna ba, wasu ɗalibai sun kafa raga don aikin kammala karatu, suka tafi cin abinci suka bar ta da tsakar rana. Da muka iso akwai marai biyu a ciki, baki buɗe, ɗaya ya riga ya tafi. Ba mai kula da su, ba wanda ya koya musu. Wannan ba bincike ba ne.

Nafi'u Jos:
Ba bincike ba ne, Likita, kuma da ina wurin da kaina zan naɗe ragar. A Birtaniya ba ka taɓa raga kai kaɗai sai ka daɗe ƙarƙashin mai horarwa an ba ka lasisi. Mu ma haka aka yi mana: ka fara da riƙe littafi kana rubutu, sannan a ba ka tsuntsu mai ƙwari ka riƙe, ciro shi daga raga shi ne na ƙarshe. Malamin da zai tura ɗalibi da raga ba horo, alhakin yana wuyansa. Kuma irin wannan ragar ce masu kamun ci da sayarwa ke amfani da ita. Ƙungiyar kare tsuntsaye ta BirdLife ta ƙiyasta a 2015 cewa ana kashe tsuntsaye wajen miliyan 25 duk shekara ba bisa ƙa'ida ba a ƙasashen kewayen Bahar Rum, Masar da Italiya a kan gaba. Da yawansu waɗannan baƙin namu ne, a hanyarsu ta zuwa ko ta komawa.

Ustaz Auwal:
To ni dai abin da na ɗauka: in mai yi ya ƙware, ya kiyaye lokaci, kuma akwai manufa, ban ga hani ba. In babu ɗaya daga ciki, a bari. Wanda ya fi ni sani ya gyara mini.

Malam Bukar Nguru:
Malam Nafi'u, wata tambaya. Akwai wani maharbi maƙwabcinmu, yana da irin zobban nan a cikin gwangwani, ya ciro daga ƙafar agwagin ruwa da wasu masu dogon baki. Wasu suna cewa azurfa ce, wasu suna cewa in an kai ofishin jakadanci ana ba da kuɗi. Yaya gaskiyar take?

Nafi'u Jos:
Ba azurfa ba ce, kuma ba a ba da ko sisi. Don Allah a yaɗa wannan, kada wani ya harbe tsuntsu saboda zobe. Amma abin da ke cikin gwangwanin nan yana da daraja a wajenmu, don zoben da aka sa a Turai aka tsinto a Afirka kaɗan ne ƙwarai. A shimfiɗa kowanne a ɗauki hotonsa yadda lamba da rubutun za su fito, a faɗi garin da aka samu, da shekara ko da ƙiyasi ne, da irin tsuntsun in ya tuna. Akwai shafin EURING, gamayyar masu sa zobe ta Turai, inda ake shigar da bayanin, su kuma su aiko da inda aka sa zoben da ranar da aka sa.

Malam Bukar Nguru:
Matsalar ita ce tsoro zai ji, zai ɗauka za a haɗa shi da ma'aikatan gandun daji.

Baba Alhassan Gashuwa:
Bukar, kada ka je masa da waya a hannu. Ka je da yamma ku gaisa, ka gaya masa ba sunansa ake nema ba, lambar kawai. In amsa ta zo ka koma ka karanta masa sunan ƙasar da tsuntsun ya fito, maharbi yana son irin wannan labarin. Ina da wani tsohon ɗalibina a Dagona da ya san masunta da yawa, zan yi masa magana shi ma ya tambaya.

Nafi'u Jos:
Madalla Baba. Malam Bukar, in ka samu hotunan ka turo mini ta akwatin sirri, ni zan shigar. In rubutun ya cinye, a goga masa ɗan toka da yatsa, lambar takan fito.

Malam Bukar Nguru:
Sai ranar kasuwa zan gan shi, in sha Allahu.